Kwana Ashirin da Ɗaya: Yadda Ake Jinyar Sankarar Mama a Gidajen Jambutu

Duk wanda ya san Jimeta, ko da sanin matafiyi ne, ya san Jambutu da tashar motarta, inda ake lodin Numan da Gombe tun kafin ladan ya kira assalatu, ya kuma san ta da fadamar Geriyo wadda ke wadata kasuwannin gari da ganye da kifi. Amma wanda ya zauna cikinta shi ne ya san cewa unguwa ce ta masu neman na yau, inda Bafulatani da Bahaushe da Babarbare da mutumin Bacama suke haɗa katanga, wani lokaci ma su haɗa tsakar gida da rijiya da makewayi a gidan haya guda. A irin waɗannan gidaje, waɗanda dukkan motsinsu, daga hura wutar safe har zuwa shimfiɗar yara da dare, yake rataye a wuyan mace ɗaya, akwai wata jinya da ake yi a ɓoye, wadda ba a cika ambaton sunanta ba sai da murya ƙasa-ƙasa, ita ce jinyar sankarar mama, wadda mutanenmu suka fi kira daji.

Al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne. Bisa ƙiyasin hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa, a shekarar 2022 kaɗai mata sama da 32,000 ne suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, sama da 16,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya ta dalilinsa, har ya zama babu wani nau'in daji da ya kai shi yawa a ƙasar nan, ko a maza ko a mata. Mafi yawan masu zuwa asibiti ba su zuwa sai ciwon ya yi nisa, kuma da yawansu 'yan shekara arba'in da wani abu ne, wato daidai lokacin da mace take tsakiyar tarbiyya, da na goye, da na firamare, da budurwar da ake shirin kai wa ɗaki. Wani babban bincike da aka gudanar a ƙasashen Afirka biyar, wanda aka buga sakamakonsa a 2020, ya nuna cewa a cikin matan Nijeriya da aka bibiya a Owerri da Aba, kashi 36 cikin 100 ne kawai suke raye bayan shekara uku da gano ciwon. Masu binciken nan kuma suka lissafa cewa duk mata 100 da suka rasu ba su kai shekara 50 ba, suna barin marayu kimanin 210. Wanda ya yi tunani a kan wannan adadi na ƙarshe zai gane cewa ciwon, ko da yake a jikin mutum ɗaya yake, gida ɗungurungum yake kamawa.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wa ƙasashe sharuɗɗa uku game da wannan cuta: a gano akalla kashi 60 cikin 100 tun ciwon yana matakin farko ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, sannan a tabbata kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka fara magani sun kai shi ƙarshe. Sharaɗi na farko da na biyu aikin gwamnati ne da likitoci da masu wayar da kai, kuma a kansu ake yawan magana duk watan Oktoba a rediyo da tarurruka. Na ukun shi ne wanda nake ganin an yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa rabinsa, ko ma fiye, ba a asibiti ake yanke shi ba. A tsakar gida ake yanke shi, a bakin murhu, a hannun miji da uwar miji da 'yan uwa da maƙwabta.

Ga dalilin da ya sa na faɗi haka. Matar Jambutu da ta ji ƙullutu a ƙirjinta, in Allah ya sa ta nufi asibiti, ko dai Asibitin Ƙwararru na jiha da ke nan Jimeta, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke cikin Yola, wanda har yau jama'a ba su daina kiransa FMC ba, abin da za a fara shi ne ɗebo ɗan yankin tsoka a kai ɗakin gwaji, domin a tabbatar da ko daji ne, a kuma san irinsa, tunda akwai mai cin abinci daga sinadaran mace na halitta, akwai wanda ba ruwansa da su, kuma kowanne da maganinsa. Bayan haka sai tiyata, ko a cire ƙullutun ko a cire maman gaba ɗaya tare da kaluluwar hammata, sai kuma maganin nan mai ƙarfi da ake sa wa a ruwa a ɗura ta jijiya, wanda marasa lafiya da ma'aikata duk suke kira kemo, wani lokaci kafin tiyata domin ya rage girman ciwon, wani lokaci bayanta. Shi kemo galibi sau shida ne ko takwas, tsakanin kowane ɗaya da na gaba mako uku. Ma'ana, a cikin kowane kwana ashirin da ɗaya, yini guda ne mace take gaban likita. Sauran ashirin ɗin a ɗakinta take yin su, kuma abin da ya same ta cikin waɗannan ashirin shi ne zai nuna ko za ta iya komawa ko ba za ta iya ba.

To, kwanakin nan ba daidai suke ba, kuma iyalin da suka fahimci bambancinsu sun sami rabin sauƙi. Kwana uku ko huɗu na farko su ne na tashin zuciya da amai da kasala irin wadda barci ba ya korewa. Baki yakan yi ɗaci ko ɗanɗanon ƙarfe, fitsari yakan yi ja na kwana ɗaya ko biyu in an ba da maganin nan mai launin ja, abin da kan firgita wadda ba a gaya mata tun farko cewa launin magani ne, ba jini ba. A waɗannan kwanaki babu abin da ya fi cutar da ita kamar madafa: ƙamshin suyar manja, da tururin daddawa, da ƙarnin ɗanyen kifin Binuwai, da hayaƙin itace, duk abubuwan da ta rayu da su shekara da shekaru ba tare da ta lura ba, sai su zame mata azaba. Saboda haka abu na farko da ya wajaba a kan gida shi ne a ɗauke mata girki ɗungum a wannan mako, ba tare da an jira ta roƙa ba, a riƙa ba ta abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, mara maiƙo, kamar kunun gyaɗa mai ɗumi-ɗumi, ko fate, ko farfesu mara yaji, da ruwa mai yawa, domin ɗaya daga cikin magungunan yana wahalar da mafitsara in ba a wanke shi da ruwa ba.

Mako na biyu shi ne mai ruɗi, domin a fuska takan ga kamar ta sami sauƙi, aman ya tsaya, ta fara jin yunwa, har ta ɗauki tsintsiya. Alhali kuwa a daidai wannan lokaci, tsakanin kwana na bakwai da na goma sha huɗu, fararen ƙwayoyin jininta, waɗanda su ne dakarun jiki, suke sauka zuwa ƙarshen ƙarancinsu, ta yadda murar da yaro zai yi kwana biyu ya warke za ta iya kwantar da ita a gadon asibiti. A nan ne kyakkyawar al'adarmu ta dubiya take bukatar a sa mata hankali. Ziyarar mara lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan uwansa, kuma babu mai jayayya da falalarta. Amma ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, cike da mata goma da goyonsu, wani na tari wani na gudawa, a makon da mace ba ta da garkuwa, ba shi ne manufar shari'a ba, tunda shari'ar da ta kwaɗaitar da ziyara ita ce ta yi umarni da a taƙaita zama wurin mara lafiya, ta kuma hana cutarwa. Ya kamata a sami dattijuwa guda a gidan, wadda ake jin nauyinta, ta tsaya a tsakar gida ta karɓi gaisuwa, ta ce an gode, tana hutawa, a dawo mako mai zuwa. Haka nan nonon da ba a tafasa ba, da kwaɗon ɗanyen ganye, da yankakkiyar kankanar bakin hanya, duk a jingine su sai jini ya dawo.

Akwai kuma wani abu da nake roƙon duk wanda ya karanta wannan ya isar da shi. A Jimeta, kamar sauran garuruwanmu na bakin kogi, duk zazzaɓi sunansa maleriya, maganinsa kuma a aiki yaro kemis. Ga matar da ke kan kemo, wannan ɗabi'a tana iya zama ajali. In zafin jikinta ya kai 38 a ma'auni, ko ta kama rawar ɗari, ko da tsakar dare ne, hukuncinta asibiti a wannan sa'ar, ba a jira gari ya waye, ba a kuma danne zafin da farasitamol a zauna, domin ƙwayar cuta in ta shiga jinin da ba shi da masu tsaro, cikin awoyi take gamawa da mutum. Ma'aunin zafi ba shi da tsada, kuma lambar wayar mai Keke Napep ɗaya amintacce, wanda ya yarda a tashe shi kowane lokaci, tana daga cikin kayan jinyar da bai kamata gida ya rasa ba. Gidan sauro kuwa, musamman da damina, lokacin da ruwa ke kwanciya a lungunan da ke gangare, ya tashi daga mustahabbi ya koma wajibi.

Mako na uku ne nata. A cikinsa ƙarfi yake dawowa, ta yi wa yara wanka, ta leƙa sana'arta, ta je suna ko ta'aziyya, ta ji ita ma mutum ce. Kuma kuskure ne babba a hana ta, domin yawan kwanciya yana ƙara kasala, tafiya kaɗan da aiki mara nauyi kuwa likitoci da kansu suna kwaɗaitar da su. A ƙarshensa sai gwajin jini, in ya yi kyau a sake ɗaura ruwa, in bai yi ba a ɗaga, wani lokaci ma a ce a kawo masu ba da jini.

Abin da ke hana wannan tsari tafiya, a ganina, ya fi yawa daga ɗabi'ar da muke alfahari da ita. 'Yar Adamawa an rene ta a kan kunya da haƙuri da kawaici, abin da Fulani suka tara cikin pulaku, Hausawa da sauran ƙabilu ma suna da irinsa. In an ce mata ya jiki, amsarta da sauƙi, ko da ba ta iya ɗaga kai daga matashi, in an ce me kike so, sai ta ce babu komai. Wannan hali ado ne a lokacin lafiya, amma a lokacin irin wannan jinya yana sa mutanen gida su ɗauki maganarta a kan zahirinta, su bar ta da tulu da turmi, har ranar da za ta faɗi. Haƙurin da addini ya yaba shi ne rashin fushi da hukuncin Ubangiji. Bai haɗa da ɓoye wa likita ko miji abin da jiki ke ciki ba, kuma malamai sun daɗe da bayyana cewa mara lafiya ya faɗi ciwonsa domin neman magani ba ya rushe tawakkali. Amma tunda ba a sauya tarbiyyar shekara arba'in a wata shida, nauyin yana komawa kan masu lafiya: su daina tambaya, su duba da idonsu, su yi.

Sai maganar maigida, wadda ita ce mafi nauyi, kuma ba zan sassauta ta ba. A shekarar 2010 likitocin tiyata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun buga wani bincike a kan matan aure 81 da aka cire wa mama, inda suka samu cewa bayan shekara uku, kimanin kashi 38 cikin 100 aurensu ya mutu ko an rabu. Adadin matan kaɗan ne, kuma a Zariya aka yi, ba a Yola ba, amma duk wanda ya san zaman gidajenmu ba zai ce abin baƙo ne ba. Tsoron wannan sakamako shi ne yake sa mace ta ɓoye ƙullutu wata da watanni, shi ne kuma yake sa ta gudu daga asibiti a daren da za a shiga da ita tiyata. Mijin da ya buɗi baki tun ranar farko ya ce mata, ke nake aure, duk abin da likita ya ce a cire a cire, ya yi mata abin da babu allurar da za ta yi. Wanda kuwa ya ƙaurace wa ɗakinta, ko ya zaɓi wannan lokaci ya fara neman ƙari, ko ya ce ta tafi gidansu ta yi jinya ba tare da ya bi ta da ko sisi ba, to ya sani ya sa hannu a cikin abin da zai biyo baya. Ciwon nan ba ya yaɗuwa ta kwano, ko ta shimfiɗa, ko ta zaman aure. Abin da likitoci suka fi gargaɗi a kai shi ne kada a sami ciki ana tsakiyar magani, kuma a nemi shawararsu a kan hanyar tazarar da ta dace, tunda masu ɗauke da sinadarin mace ba su dace da mai wannan ciwo ba.

Na san akwai masu fakewa da fiƙihu, suna cewa kuɗin magani ba ya cikin nafaƙa. Gaskiya ne mashhurin zance a littattafan Malikiyya, kamar yadda yake a sauran mazhabobi, shi ne alƙali ba ya tilasta wa miji ladan likita da kuɗin magani kamar yadda yake tilasta masa ci da sha da tufafi da wurin kwana. Sai dai magabata sun faɗi haka a zamanin da magani yake saiwa da ƙaho, wanda amfaninsa zato ne kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa malamai na wannan zamani, daga cikinsu akwai shaihin malamin Siriya Wahba Zuhaili wanda ya rasu a 2015, suka tafi a kan cewa yau magani ya zama lalura kamar abinci, ko ma ya fi, don haka yana kan miji gwargwadon ikonsa. Ko da ma an bar saɓanin a gefe, umarnin zama da mata da kyautatawa bai taɓa zama abin saɓani ba, kuma ban san wata kyautatawa da za ta rage ga mutumin da ya ci girkin mace shekara ashirin, sa'an nan ya buɗe littafi yana neman hujjar barinta da ciwo ba.

Inda akwai abokiyar zama, Allah ya sani an ga waɗanda suka karɓi girkin 'yar uwarsu da yaranta wata shida ba su taɓa gori ba, kuma irin waɗannan sun cancanci a faɗi alherinsu a gaban dangi. Inda babu, nauyin yakan faɗa kan babbar 'ya, yarinya 'yar shekara goma sha uku ko sha huɗu, wadda za a wayi gari ta zama mai girki, mai wanki, mai raino, mai talla, har karatunta ya salwanta ba wanda ya yanke shawarar a cire ta. Wannan asara ce ta biyu da ake iya kauce wa in dangi suka zauna tun farko suka raba kwanaki, gwaggo ta ɗauki makon farko na wannan zagaye, inna ta ɗauki na gaba, maƙwabciya ta ɗauki kai yara Islamiyya. 'Yan uwanmu Kirista na unguwar suna da Zumuntar Mata a majami'unsu, wadda ta saba da irin wannan rabon aiki da tara gudummawa. Matan Islamiyyu da ƙungiyoyin adashi su ma suna da tsarin a hannunsu, abin da ya rage shi ne a sanar da su, wanda kuma ba ya yiwuwa matuƙar ana ɓoye sunan ciwon.

Yara kuwa sun fi yadda muke zato gani. Gashin kai yakan fara zuba mako biyu ko uku bayan ruwan farko, kuma ko da yake ɗankwali da hijabi suna suturta mace a waje, ba su suturta ta ga ɗan da ke kwana a ɗakinta, wanda zai ga an daina kitso, ya ga farce ya yi baƙi, ya ji ana ƙus-ƙus in ya shigo. Yaron da ba a gaya masa komai ba yakan ƙirƙiro wa kansa bayani mafi muni, har ya zaci rashin jinsa ne ya jawo. Ya fi alheri a ce masa, Mama ba ta da lafiya, maganin da ake ba ta mai ƙarfi ne, shi ya zubar da gashin, kuma zai fito in an gama, ba kai ka jawo ba, ba kuma za ka ɗauka ba. Mai shayarwa dole ta yaye kafin a fara kemo, domin maganin yana fita ta nono, kuma wannan yaye na ba-zata yana daga cikin abin da ya fi ƙona zuciyar uwa, sai a tausaya mata a kansa. Game da 'yan mata kuma, ya kamata masu cewa kada a auri 'yar mai daji su sani cewa abin da ake gada daga cikin wannan ciwo bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba.

Ta fuskar ibada, addini ya yalwata, mutane ne suke ƙuntata wa kansu. Wadda aka yi wa tiyata, da bandeji a ƙirji da robar da ke tsiyayar da ruwa a hammata, tana da shafa a kan ɗauri, tana da taimama in ruwa zai cutar, tana da salla a zaune ko a kishingiɗe. Azumi kuwa, wanda a wasu shekaru yake faɗowa a kusa da bazarar Yola, lokacin da zafi kan haura 40 a watannin Maris da Afrilu, rangwamen mara lafiya a cikinsa nassi ne na Alƙur'ani a Suratul Baƙara, ta sha ta rama in ta warke; kuma mace da ke bukatar ruwa domin kare ƙodarta da mafitsararta, in ta dage sai ta yi, ta bar sauƙin da Ubangijinta ya ba ta. A nan kalma ɗaya daga limamin unguwa ta fi goma daga likita.

Kuɗi su ne ramin da mafi yawan jinya ke faɗawa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, magungunan daji, waɗanda galibinsu daga waje ake shigo da su, suka yi tashin gwauron zabo tare da kuɗin mota. Mai nau'in ciwon da ke bukatar allurar trastuzumab, wadda ake yi har shekara guda, kwalba ɗaya tak ta ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Iyali sukan sayar da akuya, da keken ɗinki, da 'yan kunnen gwal, da fili, su kai ruwa na uku, sa'an nan hannu ya ƙare. Maganin da aka yanke a tsakiya kuwa yana ba ciwon damar dawowa bayan an riga an sha wahalarsa. Shi ya sa tambayar da ta kamaci maigida a zaman farko da likita ita ce nawa ne daga farko har ƙarshe, domin a yi lissafi da dangi gaba ɗaya, ba zagaye-zagaye ba. Gwamnatin tarayya ta buɗe wani asusu a 2021 domin tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, aka fara da asibitoci shida, wanda na yankin arewa maso gabas shi ne Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Yanzu kuma asusun yana ƙarƙashin cibiyar bincike da maganin daji ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2023. Ba ya isar kowa, amma haƙƙi ne, kuma ofishin jin daɗin marasa lafiya da ke manyan asibitoci shi ne wurin da za a tambayi hanyarsa, tare da tambayar abin da inshorar lafiya ta jiha ko ta tarayya take ɗauka. Zakka ma, wadda attajiran Jimeta ke fitarwa duk shekara, ban ga inda ta fi dacewa ba kamar gidan da bashi ya yi wa katutu saboda jinya.

Gashi da na'ura, wanda da yawa suke bukata bayan tiyata, shi ne yake raba mace da gidanta gaba ɗaya. Shekara da shekaru mutanen Adamawa Zariya suke nufa ko Abuja saboda shi, daga baya Maiduguri ta samu nata; kuma tunda kullum ake yin sa, kwana biyar a mako, na tsawon mako uku zuwa biyar, ba tafiyar je-ka-dawo ba ce, zama ne a garin da ba naka ba, da kuɗin masauki, da mai rakiya, da yaran da aka bari a hannun wasu. Na'urorin ƙasar kaɗan ne, layi yana da tsawo, don haka hikima ita ce a nemi rana ta waya ta hannun likitan da ya tura kafin a hau mota, a kuma nemi ɗan uwa ko ɗan gari a can tun da wuri.

Ba zan tsallake zancen nan da ya yi kaka-gida a bakunan mutane ba, cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata ya bazu. Asalinsa abin fahimta ne: mutane sun ga waɗanda aka kai asibiti bayan ciwo ya riga ya kai huhu da hanta da ƙashi, aka yi aiki, suka rasu, sai aka ɗora wa wuƙa laifin da yake na jinkiri. Illarsa ta fi fitowa a tsakiyar magani, lokacin da ƙullutun ya narke bayan ruwa biyu ko uku, mace ta gaji, kuɗi sun ja baya, sai wata mai dubiya ta zo da labarin mai magani a wani ƙauye wanda ba ya yanka. Addu'a da ruƙiyya babu mai hana su, suna tafiya tare da asibiti ba tare da karo ba. Amma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba suna iya taɓa hanta da ƙoda a lokacin da suke ɗauke da nauyin kemo, shafe-shafe masu cin fata kuwa suna mai da ƙullutu gyambo. Narkewar ƙullutu alama ce ta cewa magani yana aiki, kuma ragowar ƙwayoyin da ido ba ya gani su ne dalilin sauran zagayen.

Ranar ruwan ƙarshe gida yakan yi murna, kuma ya cancanta, sai dai jinyar tana da jela mai tsawo. Wadda gwaji ya nuna ciwonta mai bin sinadarin mace ne za ta riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum, tamoksifen ko makamanciyarta, shekara biyar, wani lokaci har goma, da zufa da jin zafi mai tasowa da takan kawo, kuma da yawa sukan bari a shekara ta biyu saboda sun ji garau. Hannun ɓangaren da aka cire kaluluwa yana iya kumbura ko bayan shekaru, saboda haka sai an motsa shi kullum kamar yadda aka koya mata a asibiti, a kiyaye shi daga ƙuna da yanka da ƙayar kifi, a koma ga daka da jan guga sannu a hankali, in kuma ya fara nauyi ko ya yi ja a nuna wa likita da wuri. Kasala takan ɗauki watanni kafin ta saki, don haka dangin da suka watse ranar da aka cire allurar ƙarshe sun yi gaggawa. Akwai kuma ranakun komawa asibiti, duk bayan wata uku ko shida a shekarun farko, daga baya sau ɗaya a shekara, tare da duba ɗaya maman. Kuɗin Keke zuwa Yola da na gwajin waɗannan ranaku, da na ƙwayar kowane wata, sai maigida ya shigar da su cikin lissafin gida tare da kuɗin haya da na makarantar yara.